Babi na Shida: Wa Ke Riƙe da Lasisi?

A watan Nuwamba na 1964 wata ƙaramar tashar rediyo mai suna WGCB, a garin Red Lion na jihar Pennsylvania, ta sanya wa'azin minti 15 na wani fasto mai kaifin harshe, Billy James Hargis. A cikin wa'azin faston ya yi kaca-kaca da wani ɗan jarida, Fred Cook, ya jingina shi da 'yan gurguzu. Laifin Cook shi ne ya rubuta littafi yana caccakar Barry Goldwater, wanda ya yi wa jam'iyyar Republican takarar shugaban ƙasa a wannan shekarar. Cook ya aika wa tashar takarda yana neman a ba shi fili kyauta ya mayar da martani, don haka ƙa'ida ta tanada. Mai tashar, John Norris, shi ma fasto ne, ya ce in yana son fili ya biya kuɗi kamar kowa.

Ƙa'idar da Cook ya dogara da ita Hukumar Sadarwa ta Tarayya, wato FCC, ce ta shimfiɗa ta tun 1949. Ana kiran ta Ƙa'idar Adalci. Ta wajabta wa duk mai lasisin rediyo ko talabijin ya riƙa taɓo batutuwan da jama'a ke jayayya a kansu, kuma ya ba kowane ɓangare dama. Rigimar Red Lion ta kai har Kotun Ƙoli, kuma a 1969 kotun ta ba hukumar gaskiya ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba. Hujjarta ita ce zangon rediyo kaɗan ne, ba ya isar kowa, saboda haka wanda ya samu lasisi amanar jama'a ya riƙe.

Mutum mai kyakkyawar zuciya in ya ji wannan zai ce ai babu aibi. Wa zai ƙi a ji ta bakin kowane ɓangare? Akwai wasu mutane a Amurka da suka ƙi, kuma su wannan babi ya shafa. Su ne 'yan Libateriyan, masu aƙidar cewa mutum shi ke da iko da kansa da dukiyarsa da bakinsa, aikin gwamnati kuma bai wuce ta hana wani ya zalunci wani ba. Tambayar da suke yi a kan kowace doka irin wannan guda ɗaya ce, kuma ba ta tsufa: wa zai yanke cewa an yi adalci ko ba a yi ba, kuma wa ya naɗa shi?

Tarihi ya amsa musu tun ba a je da nisa ba. Fred Friendly, tsohon shugaban sashen labarai na CBS, ya fitar da littafi a 1976 inda ya bi diddigin yadda 'yan Democrat na zamanin Kennedy da Johnson suka mayar da Ƙa'idar Adalci makami. An ɗauki mutane suna sauraren tashoshin masu ra'ayin riƙau dare da rana, da zarar an ji an taɓa gwamnati ko wani nata sai a aika takardar neman fili kyauta. Ka ɗauki mai ƙaramar tasha a wani lungu, ma'aikatansa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ba shi da lauya, ga lasisinsa na jiran sabuntawa bayan shekara uku. Takardu sun taru a kan teburinsa, kowace tana neman minti goma ko sha biyar na lokacin da zai sayar ya biya albashi. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya sallami mai wa'azin, ya cika gurbin da kiɗa. Da yawa haka suka yi. Ba a kama kowa ba, ba a rufe tasha ba, amma bakuna sun yi shiru, kuma wannan ake nema.

Da mulki ya koma hannun Richard Nixon, sandar ta koma hannunsa. Lokacin da jaridar Washington Post ta matsa wa badaƙalar Watergate lamba, an naɗi muryar Nixon a 1972 yana cewa jaridar za ta ɗanɗana kuɗarta, tunda kamfaninta na da tashoshin talabijin da sai sun zo neman sabunta lasisi. A farkon 1973 sai ga wasu magoya bayansa sun shigar da ƙorafi suna ƙalubalantar lasisin tashoshin kamfanin guda biyu a Florida, ɗaya a Jacksonville ɗaya a Miami. Ba su ci nasara ba, amma saƙon ya isa. Jaridar kanta Nixon ba shi da yadda zai yi da ita, domin jarida a Amurka ba ta neman izinin kowa kafin ta fito. Ta wajen talabijin ɗin ya biyo, inda gwamnati ke riƙe da igiya.

Tun 1959 wani masanin tattalin arziki ɗan asalin Ingila, Ronald Coase, ya rushe hujjar ƙarancin zango. Ya ce ƙasa ma ai ba ta isar kowa, takardar buga jarida ma haka, amma ba wanda ya ce saboda haka gwamnati ta riƙa duba abin da edita ya rubuta. A yi gwanjon zangon kamar yadda ake sayar da fili, wanda ya saya ya zama nasa, ya daina kwana da fargabar hukuma. An yi masa dariya a lokacin. Sai a 1994 Amurka ta fara gwanjon zango, bayan shi Coase ya riga ya karɓi kyautar Nobel a 1991. Ita kuwa Ƙa'idar Adalci, hukumar FCC da kanta ta soke ta a 1987. Majalisa ta yi yunƙurin mayar da ita cikakkiyar doka a wannan shekarar, Ronald Reagan ya hau kujerar na ƙi.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar kwaskwarima. A 1988 Rush Limbaugh ya fara shirinsa na ƙasa baki ɗaya, kullum yana dukan 'yan Democrat ba sassauci, kuma tashoshi ɗaruruwa suka ɗauka. A 1996 aka buɗe Fox News da MSNBC, waɗanda daga bisani kowace ta kama ɓangarenta ta riƙe. Su waɗannan biyun ta waya suke shiga gidaje, don haka ko da tsohuwar ƙa'idar na nan ba za ta hau kansu ba. Duk da haka babu mai musun cewa harshe ya ƙara zafi, kuma Ba'amurke na iya wayar gari ya kwanta bai ji muryar wanda ya saɓa masa ba.

Ɗan Libateriyan ba ya musun wannan. Abin da yake cewa shi ne son kai a aikin jarida ba baƙo ba ne. Jaridun Amurka na farkon zamani na jam'iyyu ne ƙarara, kuma shekarun da ake yi wa kallon na adalci, lokacin da tashoshi uku kacal suka mamaye talabijin, shekaru ne da 'yan tsirarun editoci a New York ke zaɓa wa al'umma abin da za ta sani. Akwai kuma binciken da masana biyu, Matthew Gentzkow da Jesse Shapiro, suka wallafa a 2010. Sun auna kalmomin da ɗaruruwan jaridun Amurka ke amfani da su, suka kwatanta da kalmomin 'yan majalisar kowace jam'iyya, sai suka ga karkatar jarida ta fi bin ra'ayin mutanen garin da ake sayar da ita fiye da ra'ayin mai ita. Ma'ana, mai saye ne ke neman abin da zai faranta masa, mai sayarwa ya kawo. Wannan sakamako ba shi da daɗin ji, don ya ɗora mana laifin mu masu karatu. Amma in haka abin yake, hukuma ba za ta iya gyara shi ba. Iyakarta ta zaɓi wanda za a toshe wa baki.

A nan ni ina tare da 'yan Libateriyan ɗari bisa ɗari. Na gwammace gidan rediyon da na san inda ya karkata, in kashe shi in na gaji, da gidan rediyon da ke auna kowace jimla da tsoron mai sabunta lasisi.

Akwai wata karkatar da 'yan Libateriyan suka fi kowa ganin ta, saboda a kansu take sauka. Jam'iyyarsu ta samo asali ne a 1971, bayan Nixon ya ƙayyade farashin kaya da albashi a watan Agusta, ya kuma raba dala da zinariya. David Nolan da wasu abokansa a jihar Colorado suka ce in ɗan Republican zai iya yin haka, to babu sauran inda za su fake. A watan Disamba suka kafa jam'iyya. Nolan ya shahara da wani zane da ya yi don nuna cewa layin hagu da dama bai isa ya auna mutane ba. Na hagu, in ji shi, yana son 'yanci a rayuwar mutum amma yana son gwamnati ta riƙe aljihunsa, na dama kuma yana son kasuwa ta sakata ta wala amma yana son gwamnati ta leƙa ɗakin kwana. Wanda ke son 'yancin biyun a tare ba shi da mazauni a kan layin. Ɗakunan labarai kuwa a kan wannan layi aka gina su: kujera ɗaya ta Republican, ɗaya ta Democrat, mai gabatarwa a tsakiya.

A watan Agusta na 2011 aka yi ƙuri'ar gwaji ta 'yan Republican a garin Ames na jihar Iowa. Michele Bachmann ta zo ta ɗaya, Ron Paul, likitan nan ɗan majalisa daga Texas wanda ya taɓa yi wa Libateriyan takara a 1988, ya biyo ta da tazarar ƙuri'a 152 kacal. Washegari manyan tashoshi suka zauna lissafa 'yan gaba-gaba, suka tsallake sunansa, suna ambaton waɗanda ya ba tazara mai nisa. Abin ya yi yawa har mai barkwancin siyasa Jon Stewart, wanda ba ɗan Libateriyan ba ne, ya ware fili a shirinsa yana nuna faifan ɗaya bayan ɗaya. Paul shi ne mutumin da ya ƙi Dokar Patriot a 2001, ya ƙi izinin yaƙin Iraƙi a 2002, a lokacin da manyan jaridun ƙasar suka bi bayan gwamnati har New York Times ta fito a 2004 ta amsa cewa ba ta tantance labaran makaman ƙare dangi yadda ya kamata ba. Wannan ita ce karkatar da 'yan Libateriyan suke nufi: karkata zuwa ga duk abin da manyan jam'iyyun biyu suka haɗu a kai.

Ƙofar muhawarar 'yan takara ma haka take. Hukumar da ta shekara da shekaru tana shirya muhawarar shugaban ƙasa, shugabannin jam'iyyun biyu ne suka kafa ta a 1987. Daga 2000 ta sa sharaɗin cewa sai ɗan takara ya kai kashi 15 cikin 100 a ƙuri'un jin ra'ayi kafin ya hau dandamali. To ta ina zai kai, alhali mutane ba su gan shi ba? A 2016 Gary Johnson, wanda ya yi gwamnan New Mexico sau biyu, ya fito a takardar zaɓe a duk jihohi 50, amma bai samu shiga muhawara ba. Ya tashi da ƙuri'a kusan miliyan huɗu da rabi, kashi 3 da ɗoriya, mafi yawa a tarihin jam'iyyar. Sai dai ba komai za a ɗora wa 'yan jarida ba. Tsarin da na ɗaya ke kwashe komai, kamar yadda Bafaranshe Maurice Duverger ya nuna tun tuni, da kansa yake matse siyasa ta koma gida biyu. Shi kansa Johnson ya yi wa kansa illa ranar da aka tambaye shi batun Aleppo a talabijin, ana tsakiyar yaƙin Siriya, ya nuna bai gane abin da ake nufi ba.

Da intanet ta zo, 'yan Libateriyan suka ɗauka addu'arsu ce aka amsa. Ga fili wanda ba ya ƙarewa, ba lasisi, ba edita. A watan Fabrairu na 1996 John Perry Barlow ya rubuta sanarwarsa ta 'yancin kan duniyar intanet daga Davos, yana ce wa gwamnatoci ba su da hurumi a can. Abin da ya fi sanarwar tasiri shi ne wani ɗan sashe da aka cusa cikin dokar sadarwa ta wannan shekarar. Shekara guda kafin nan wata kotu a New York ta yanke cewa kamfanin Prodigy zai ɗauki alhakin ɓatancin da wani ya rubuta a dandalinsa, dalili kuwa shi ne kamfanin yana share wasu rubuce-rubucen batsa, don haka ya zama tamkar edita. Darasin da kamfanoni suka ɗauka shi ne kada ka share komai, ko kuma kada ka bar kowa ya rubuta komai. Sai 'yan majalisa biyu, Chris Cox na Republican da Ron Wyden na Democrat, suka rubuta Sashe na 230: wanda ya rubuta magana shi ke da alhakinta, mai dandali kuma yana da damar share abin da bai ga dama ba. A kan wannan sashe Facebook da YouTube da Twitter da Wikipedia suka tsayu.

Bayan shekara 24 jam'iyyun biyu suka taru a kansa, kowace da dalilinta. A farkon 2020 Joe Biden ya ce a soke shi, domin kamfanonin na barin ƙarya tana yawo. A watan Mayu na shekarar Donald Trump ya sa hannu a kan umarni na rage masa ƙarfi, domin a ganinsa kamfanonin na danne masu ra'ayin riƙau. Ɗaya na cewa ba ku share isasshe ba, ɗaya na cewa kun share da yawa, dukkansu kuma magani guda suke nema, wato hannun gwamnati a kan maɓallin sharewa. Bayan an rufe shafin Trump na Twitter a Janairun 2021, jihohin Florida da Texas, inda 'yan Republican ke mulki, suka yi dokokin tilasta wa manyan dandali ɗaukar maganar da ba su so. Jam'iyyar da ta binne Ƙa'idar Adalci a 1987 ita ce ta tono ta, ta sake mata riga. A 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da shari'ar ƙananan kotuna, amma ta bayyana cewa zaɓen abin da dandali zai nuna shi ma magana ce da kundin tsarin mulki ya kare, kamar yadda ta yanke wa jaridar Miami Herald tun 1974.

Mafi haɗari a wurina shi ne abin da ba a rubuta shi a doka ba. Jami'i ya ɗaga waya ya kira kamfani, ya ce wannan rubutun bai yi mana ba, a ƙarshen magana kuma ya tuna masa cewa ana duba batun Sashe na 230 ko batun haɗewar kamfaninsa da wani. A watan Agusta na 2024 Mark Zuckerberg ya rubuta wa majalisa cewa jami'an gwamnatin Biden sun yi ta matsa wa Facebook a 2021 ya cire wasu rubuce-rubuce kan korona, har da na barkwanci. A watan Satumba na 2025, da mulki ya juya, shugaban FCC Brendan Carr ya fito fili ya yi wa tashoshi gargaɗi kan kalaman mai barkwanci Jimmy Kimmel, cikin sa'o'i ABC ta dakatar da shirin na wasu kwanaki. Sanata Rand Paul, ɗan Ron Paul, yana cikin 'yan Republican ƙalilan da suka ce hukumar ba ta da hurumi a nan. Mai karatu a Najeriya bai buƙaci dogon bayani ba. A watan Yuni na 2021 Twitter ya share wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari, gwamnati ta toshe dandalin gaba ɗaya har zuwa Janairun 2022. Wasu sun ji haushin kamfanin, kuma suna da hujja, amma kamfanin rubutu ɗaya ya share, gwamnati kuwa ƙasa guda ta rufe wa ƙofa, har da 'yan kasuwar da abincinsu ke can.

Inda hujjar 'yan Libateriyan ke rawa shi ne in aka zo kan girman kamfanonin kansu. Amsarsu ta kullum ita ce in dandali bai yi maka ba, ka gina naka. Wasu sun gina, suka sa masa suna Parler. Cikin 'yan kwanaki a Janairun 2021 Google da Apple suka cire shi daga rumbun manhajojinsu, Amazon ya janye masa ma'ajiyar bayanai, sai ga shi ya ɓace daga intanet. Kowane kamfani cikin ukun yana da ikon yin abin da ya yi, amma sakamakon bai bambanta sosai da janye lasisi ba. 'Yan Libateriyan sukan amsa da cewa ba sarkin da ke dawwama a wannan kasuwa: an sayi MySpace dala miliyan 580 a 2005, aka sayar da shi kusan miliyan 35 a 2011. Gaskiya ne, amma shekara shida ba kaɗan ba ce ga wanda aka kora yau. Amsarsu da ta fi gamsar da ni ta masu gini ce. Tun 1991 Phil Zimmermann ya saki manhajar PGP ta ɓoye saƙo kyauta, ya sha binciken gwamnati na shekaru uku kafin a ƙyale shi a 1996. Magadansa su ne masu gina Signal da dandali irin su Mastodon, waɗanda aka tsara su yadda babu ofishi ɗaya da jami'i zai kira.

Akwai kuma matsalar da layin da 'yan Libateriyan suke ja tsakanin gwamnati da kamfani ba ya gani sosai. Edward Snowden ya nuna a 2013 yadda bayanan da mutane suka damƙa wa kamfanoni ke ƙarewa a hannun hukumar leƙen asiri. A watan Yuli na shekarar Justin Amash, ɗan majalisa mai wannan aƙida, ya kawo ƙudurin dakatar da tattara bayanan waya, ya faɗi da ƙuri'a 205 da 217, shugabannin jam'iyyun biyu suna gefe guda a kansa. Yau hukumomi ba sa ma buƙatar sammaci a lokuta da dama, suna sayen bayanan ne daga dillalai a kasuwa, abin da wani rahoton ofishin daraktan leƙen asiri da aka saki a 2023 ya tabbatar. Kuma Peter Thiel, attajirin da ya daɗe yana kiran kansa ɗan Libateriyan, yana cikin waɗanda suka kafa Palantir, kamfanin da ke sayar wa gwamnati kayan tace irin waɗannan bayanai.

Su kansu 'yan Libateriyan ba su tsira daga cutar da suke wa wasu faɗa a kai ba. A 2022 wani ɓangare mai kusanci da na dama ya karɓe ragamar jam'iyyar a taron Reno, tsofaffin 'ya'yanta da dama suka fice. A watan Mayu na 2024 aka gayyaci Trump ya yi jawabi a babban taronsu a Washington. An yi masa ihu, amma ya san abin da ya kawo shi, domin a 2020 ƙuri'un 'yar takarar jam'iyyar, Jo Jorgensen, a Georgia da Arizona da Wisconsin sun fi tazarar da aka kayar da shi da ita. Ya yi musu alkawarin sakin Ross Ulbricht, wanda ya kafa kasuwar ɓoye ta Silk Road, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Wakilai suka tsayar da Chase Oliver, amma shugabancin jam'iyyar bai mara masa baya da zuciya ɗaya ba, kuma a zaɓen Nuwamba bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Ranar 21 ga Janairun 2025 Trump ya yi wa Ulbricht afuwa. Wani ɓangaren jam'iyyar na cewa wannan ce riba mafi girma da suka taɓa samu cikin shekara 50, tunda mutum ya fito daga kurkuku ya koma wurin mahaifiyarsa. Ɗaya ɓangaren na cewa an sayar da jam'iyya a kan mutum guda, ga wanda ya naɗa Brendan Carr shugaban FCC.